Kwana Goma a Duwatsu da Tsibiran Sikotilan

Yawancinmu in an ce ƙasar Turawa, abin da ke faɗo mana a rai shi ne Landan, da benaye, da motoci birjik, da mutane kamar fari. To, yau zan kai ku wani yanki na wannan ƙasa inda mutum zai yi tafiyar mil ashirin bai ga ko hayaƙin murhu ba. Sikotilan ke nan, arewa da Ingila. Sarkinsu ɗaya da Ingila, amma tana da nata dokoki da nata tsarin makarantu, tun 1999 kuma tana da majalisarta a Edinbara. Kudancinta ne ke da manyan birane. Arewa da yamma kuwa duwatsu ne da tafkuna, bayansu kuma tsibirai barbaje cikin teku. Can mutane ke zuwa shan iska daga ko'ina cikin duniya, can kuma muka tafi, mu uku, cikin watan Yuni. Sunayen ƙananan wurare na bar su yadda a ke rubuta su, don 'yan makaranta su iya nemansu cikin taswira.

Duk wanda ya je can, abin da ya ke dawowa yana yabo shi ne shirun wurin da rashin mutane. Ni ma na yaba. Amma shirun nan yana da dalili, kuma ba zan ba ku labarin kyaun ƙasar in bar dalilin a baya ba.

Jirgin ƙasa

Daga Gilasgo a ke shiga jirgin ƙasa zuwa Mallaig, wani garin masunta a bakin teku, tafiyar mil 164, watau awa biyar da 'yan mintoci. Wadda Allah ya nufa da zuwa ta nemi kujerar taga, kada kuma ta wahalar da kanta da ɗaukar littafi, don ba za ta buɗe shi ba. Da barin birni kaɗan sai ga ruwa. Su tafki “loch” su ke ce masa, kuma wanda ya fi kowane faɗi a tsibirin Biritaniya shi ne Loch Lomond, wanda jirgin ke bin gefensa na wani lokaci.

Daga nan jirgi ya yi ta hawa har ya fita wani fili da a ke kira Rannoch Moor. Fadama ce mai faɗin gaske a kan tudu, ba itace, ba gida, sai baƙin ruwa kwance nan da can, da barewa ja manya-manya masu ɗaga kai su dube ku. Sa'ad da a ke shimfiɗa dogo a nan, duk abin da aka zuba sai laka ta haɗiye. Dabarar da magina suka yi ita ce suka jera rassa da saiwoyin itace kamar asabari, suka zuba ƙasa da toka a kai, sa'an nan suka ɗora ƙarfen. An buɗe hanyar a 1894, har yau kuwa a kanta a ke tafiya. Tsakiyar filin nan akwai wata 'yar tasha, Corrour, wadda ta fi kowace tashar babbar hanyar jirgi a Biritaniya bisa, ƙafa wajen 1,340, babu kuma hanyar mota ta jama'a da ke zuwa wurin.

Muka sauka Fort William muka kwana biyu. Garin yana gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Biritaniya, ƙafa 4,413. Kwanakinmu biyu ba mu ga kansa ba ko sau ɗaya, gajimare ya naɗa masa rawani. Uwargidan da ta sauke mu ta ce kada mu damu, haka ya ke yi wa yawancin baƙi.

Kashegari muka shiga mota zuwa Glencoe, tafiyar rabin awa. Kwari ne tsakanin baƙaƙen duwatsu, ruwa na gangarowa daga kansu sirara-sirara kamar farin zare. Wurin yana da kwarjini, labarinsa kuwa ya fi shi. A zamanin da, mutanen duwatsu dangi-dangi su ke zaune, kowane dangi da shugabansa da ƙasarsa. Mutanen wannan kwari 'yan dangin MacDonald ne. Shugabansu ya makara da 'yan kwanaki wajen rantsuwar biyayya ga Sarki Wiliyam. A farkon Fabrairu 1692 sai ga soja wajen 120 sun zo suna neman masauki. Aka rarraba su gida-gida, suka yi kwana goma sha biyu ana dafa musu abinci, ana hira da su. Ran 13 ga wata da asuba suka tashi suka afka wa masu masaukinsu. An kashe fiye da mutum 30, waɗansu mata da yara kuma suka gudu cikin dusar ƙanƙara sanyi ya ƙarasa su. An yi yaƙe-yaƙe a ƙasar da suka fi wannan yawan jini, an manta da su. Wannan kuwa ba a manta ba, domin baƙo ne ya ci tuwon mai gida ya kashe shi.

Saura tafiyar jirgi daga Fort William zuwa Mallaig ita ce ta fi kyau. Akwai wani dogon kadarko na siminti a Glenfinnan, mai baka 21, wanda ya lanƙwasa har ta taga kana iya hango kan jirginku. 'Yan matan da suka ga fim ɗin Harry Potter sun san shi. Ƙarƙashinsa, a bakin tafki, akwai hasumiyar tunawa da 1745, shekarar da Yarima Charles Stuart ya kafa tutarsa a nan, ya tara dangogi don ya karɓo sarautar kakansa. Aka ci su da yaƙi a Culloden a 1746. Bayan haka gwamnati ta karɓe makamansu, ta raba shugabannin dangi da ikon shari'a, ta kuma hana maza ɗaura zanen nan nasu mai gida-gida, hanin da bai tashi ba sai 1782. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen abin da ke tafe.

Kufai a Skye

Daga Mallaig jirgin fito ke ƙetarar da mutane da motocinsu zuwa tsibirin Skye, abin da bai kai awa guda ba. Akwai gada ta wani gefen tun 1995, amma ta ruwa ta fi daɗi. Skye kuwa gani ya kori ji. Duwatsun Cuillin suna tsaye baƙi ƙirin da tsini kamar haƙoran zarto. Hasken wurin ba ya zama iri ɗaya na minti goma: yanzu rana, an jima hazo, an jima bakan gizo. Babban garin, Portree, gidajensa na bakin ruwa kowane da launin fentinsa.

Kusa da wani gari, Broadford, muka bi wata hanyar ƙafa wajen mil uku zuwa bakin teku, wurin da a ke kira Boreraig. Ciyawa kore shar, ƙorama na gudu, ga teku shimfiɗe. Cikin ciyawar kuwa ga bangayen dutse, ɗaki bayan ɗaki, ba jinka, har ana gane inda ƙofa ta ke. Gari ne guda. A 1853 wakilan mai ƙasar, Lord Macdonald, suka fitar da mutanensa duka, da na maƙwabcinsa Suisnish, aka zuba tumaki a madadinsu. Wani masanin duwatsu, Archibald Geikie, yana saurayi ya gamu da ayarin mutanen Suisnish a hanya, tsofaffi da mata da yara da 'yan komatsansu, daga baya ya rubuta yadda kukansu ya cika kwarin.

Ga yadda abin ya faru. Da can darajar shugaban dangi yawan mutanensa ce, don su ne mayaƙansa. Da yaƙi ya ƙare, 'ya'yan shugabanni suka tafi makarantun kudu, suka saba da zaman Edinbara da Landan, suka zama masu ƙasa kawai, kuɗi su ke bukata. Masaƙun Ingila kuwa na neman gashin tumaki ido rufe. Makiyayi guda mai tumaki dubu sai ya biya hayar da ta fi ta gari guda. Saboda haka tun wajen 1780 har bayan 1850 aka yi ta tashin ƙauyuka. A ƙasar Sutherland can arewa, dubban mutane aka kora cikin 'yan shekaru, aka ƙone jinkar waɗansu gidaje don kada masu su su komo. A 1846 kuma ciwo ya faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka, yunwa ta ƙara tura su. Waɗansu suka gangara Gilasgo neman aiki, da yawa aka ɗora su jiragen ruwa zuwa Kanada da Ostareliya. Har yau a tsibirin Cape Breton na Kanada akwai jikokinsu masu jin harshen kakanninsu.

To, shirun da baƙo ke biyan kuɗi ya zo ya ji ke nan. Ba na cewa duwatsun sun rage kyau saboda haka. Amma na lura masu tallan yawon shan iska sun cika kiran wurin daji wanda hannun mutum bai taɓa ba, alhali kuwa ga turakun gidajen mutane a gabansu.

Abin da ya tsai da korar nan, mata suna da hannu babba a ciki. Kudu da Portree kaɗan akwai waɗansu ƙauyuka da a ke kira Braes. An karɓe musu makiyayar wani dutse, Ben Lee, suka ce ba za su ƙara biyan haya ba sai an mayar. Da aka aiko da takardun kora, suka sa ɗan saƙon ya ƙone su. A watan Afrilu 1882 aka kawo 'yan sanda wajen 50 daga Gilasgo, suka iso da sassafe cikin ruwan sama, suka kama mutum biyar. A hanyar komawa jama'ar ƙauyukan suka tare su da duwatsu da sanduna, mata na gaba-gaba, har aka fasa wa waɗansunsu kai da kulki. Jaridu suka ɗauki labari. A 1883 gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Lord Napier, ya zaga ƙauyuka yana sauraron talakawa da bakinsu. A 1886 majalisa ta yi doka cewa ba a korar ƙaramin manomi muddin yana biyan haya, hukuma ce za ta yanke hayar da ta dace, kuma yana iya bar wa iyalinsa gonar gado. Wata mace 'yar Skye, Mary MacPherson, wadda ba ta fara waƙa ba sai da ta kai wajen shekara 50, ita ce zabiyar wannan gwagwarmaya. Ta rasu a 1898, har yau kuwa ana rera waƙoƙinta.

Kafin mu bar Skye, ga gargaɗi biyu. Na fari, akwai waɗansu 'yan ƙwari da ba su kai rabin sauro ba, masu tashi dubbai da maraice in iska ta kwanta, daga Yuni zuwa Agusta. Ba sa kawo zazzaɓi, amma cizonsu na sa mutum ya manta da kunya ya yi ta susa gaban jama'a. Gyale mai shara-shara da a ke rufe fuska da shi ya yi mana amfani ƙwarai. Na biyu, laima ba ta da wani amfani a can, iska za ta juya ta. Rigar ruwa da suwaita da takalmi mai kauri su ne kayan tafiya, ko da a tsakiyar bazararsu ne.

Masaƙan Harris

Daga Uig, a arewacin Skye, jirgin fito ke kai mutum Tarbert a Harris, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba. Mai saurin jiri kada ta cika ciki kafin ta shiga. Harris da Lewis suna biyu ne, amma tsibiri ɗaya ne, duwatsu suka raba su. Bayansu ta yamma babu sauran ƙasa sai Kanada.

Yammacin Harris shi ne wuri mafi kyau da idona ya taɓa gani. A Luskentyre rairayi fari fat ya miƙe mil da mil, ruwan kuwa wani shuɗi-kore kamar an zuba masa baba. Sai ka sa ƙafa ciki ka tuna inda ka ke, don sanyinsa har cikin ƙashi. Bayan rairayin akwai fili mai laushi wanda garin bawon kifin teku ya yi wa taki, a watan Yuni yana lulluɓe da furanni. Gabashin tsibirin kuwa dutse ne tsurarsa. Abin mamaki, ƙauyuka sun fi yawa a gabas. Dalili shi ne a ƙarni na 19 an kwashe mutane daga ƙasa mai kyau an jibge su cikin duwatsu. Don su sami abin ci, sai su tattaro 'yar ƙasar da ke tsakanin duwatsu, su haɗa da ciyawar teku wadda mata ke ɗaukowa a kwando bisa baya, su yi kunya su shuka dankali. Har yanzu ana ganin sawun kunyoyin. Ƙasar ba ta da zurfin da za a haƙa kabari, saboda haka in an yi mutuwa sai a ɗauki gawa a kafaɗa a ƙetare dutse da ita zuwa yamma. Watau ƙasar da aka hana su noma, sai da likkafani su ke komawa cikinta.

A cikin wannan talauci ne sana'ar da ta fitar da sunansu ta tsiro. Tun da daɗewa matan tsibirin ke saƙa wani yadi mai kauri na gashin tumaki don mazansu. Wajen 1846 Lady Dunmore, matar mai ƙasar Harris, ta ga kyaunsa ta shiga tallarsa ga manyan mutane masu zuwa farauta. Shi ne Harris Tweed. A zamanin nan kusan duk aikin na mata ne: su wanke gashin, su rina, su shiɓe, su kaɗa, su saƙa. Rininsu daga abin da ke kewaye da su ne. Akwai wata gansakuka da a ke kankarewa daga jikin dutse da cokali, ita ke ba da ja mai duhu kamar na goro.

Aikin ƙarshe shi ne ya fi ba ni sha'awa. In yadi ya sauko daga masaƙa yana da sako-sako, sai an buga shi ya tsuke kafin ya tare iska da ruwa. Sai mata takwas ko goma su zauna kewaye da dogon katako, a jiƙa yadin da fitsarin da aka adana ya kwana biyu, don shi ke fitar da maiƙo ya kama rini. Kada ku yamutsa fuska, sabulunsu ke nan a lokacin. Su yi ta buga shi a katakon suna miƙa wa juna ta hannun da rana ke bi, ɗaya na ba da waƙa saura na amshi, kamar dai yadda mu ke yi wajen lugude. Ba a maimaita waƙa a zama ɗaya, sun ce rashin sa'a ne, don haka dole mace ta haddace waƙoƙi da yawa. Ta wannan hanya aka adana ɗaruruwan tsofaffin waƙoƙi waɗanda ba a rubuta ba. Wajen shekarun 1950 inji ya karɓi aikin, yanzu sai don nuni a ke yinsa.

Abin da ya kamata mu duba da kyau shi ne yadda suka tsare sana'ar. Da yadin ya yi suna, masaƙun birni suka soma yin jabu suna sayarwa da araha. Mutanen tsibirin suka nemi hatimi nasu, aka ba su a 1910, hoton wata ƙwallo mai gicciye a kai. A 1993 kuma majalisar Biritaniya ta yi doka musamman a kan yadin. Dokar ta ce ba a kiran yadi Harris Tweed sai an rina gashin an kaɗa shi a waɗannan tsibirai, mutumin tsibirin ya saƙa shi da hannu a gidansa, an kuma gama shi a can. Yau masana'antu uku ne a Lewis ke rini da kaɗi. Mota ta kai wa masaƙi zare har ƙofar gida, ta dawo ta ɗauki yadi, a wanke, mai duba ya bi shi kamu-kamu kafin ya buga hatimi. Shekarar da aka fi saƙa shi ita ce 1966, yadi miliyan 7.6. Daga baya kasuwa ta faɗi ƙwarai, har aka yi zaton sana'ar za ta mutu, sai ta sake farfaɗowa. A 2004 har kamfanin Nike ya sayi yadin don yin takalma.

Mun shiga rumfar wata masaƙiya a bayan gidanta. Masaƙar ta ƙarfe ce, da ƙafa a ke tuƙa ta, ba a yarda a sa mata lantarki ba. Ta miƙo mini guntun yadi ta ce, “'Yata, launi nawa ki ke gani?” Na ce ƙasa-ƙasa ne. Ta kai ni bakin ƙofa wurin haske, sai ga ja, da rawaya, da shuɗi, da kore duk cikin zare ɗaya. Ashe gashin a ke rinawa tun kafin kaɗi, a gauraya launuka bisa awo kamar mai haɗa kayan miya. Ta ce da safe takan duba tumakinta, ta kai yara makaranta, sa'an nan ta hau masaƙa, kuma kuɗin saƙar ne ya sa ba ta bi 'yan'uwanta zuwa Gilasgo ba. A ganina dokar nan ta “a gidansa” ita ce mafi hikima cikin al'amarin duka. Da an bar masu kuɗi sun tara masaƙun a rumfa ɗaya cikin gari, da ƙauyukan sun watse.

Da mijinta ya leƙo, sai suka juya wani harshe wanda ba Ingilishi ba. Galik ke nan, harshen mutanen duwatsu na asali. Dokar ilmi ta 1872, wadda ta tilasta wa kowane yaro zuwa makaranta, ba ta ko ambaci harshen ba, kuma tsofaffi da yawa sun ba da labarin dukan da suka sha don sun yi shi a aji. Iyaye suka ɗauka harshensu shi ke hana 'ya'yansu ci gaba, suka daina yi musu. A ƙidayar 2011 masu magana da shi a Sikotilan duka wajen 57,000 ne. A waɗannan tsibirai ma, inda ya fi ƙarfi, daga kashi 52 cikin ɗari a 2011 ya sauko 45 a 2022. Ana ƙoƙari kam. Tun 1985 aka soma azuzuwan da a ke koyar da kome da Galik, akwai kwaleji a Skye, Sabhal Mòr Ostaig, da aka kafa a 1973, a 2020 kuma hukumar tsibiran ta mai da Galik harshen fara karatu sai in iyaye sun ce a'a. Amma duk malamar da ta taɓa tsayawa gaban allo ta san abin da makaranta ke iya yi da wanda ba ta iyawa. Harshen da uwa ba ta yi wa ɗanta a bakin murhu ba, da wuya awa biyar na aji su dasa shi.

Lewis

Lewis shimfiɗaɗɗiya ce, ba itace. Makamashinsu na gargajiya wata baƙar laka ce ta ruɓaɓɓiyar ciyawa, wadda a ke yankawa kamar tubali a watan Mayu, a shanya, a jera a bakin gida. Ƙanshin hayaƙinta na kama tufafi. A Calanais akwai dogayen duwatsu da mutanen da suka kakkafa a da'ira shekara wajen 5,000 da suka wuce. A Arnol kuma an adana wani gidan gargajiya wanda sai a 1966 masu shi suka bar shi: bango biyu na dutse da ƙasa a tsakani, jinka daure da igiya an rataya mata duwatsu saboda iska, wuta a tsakar ɗaki ba mafitar hayaƙi, mutane a gefe ɗaya shanu a ɗaya gefen. Jinkar in ta sha baƙin hayaƙi sai a sauke ta a kai gona taki. Ba abin da su ke yarwa.

Mutanen Lewis Kirista ne masu riƙo da Lahadi ƙwarai. Yawancin kantuna rufe su ke, mata da yawa ko shanya ba sa yi. Jirgin fito bai fara tashi ran Lahadi daga Stornoway, babban garinsu, ba sai a 2009, kuma da wani babban kanti ya fara buɗewa ran Lahadi a 2024 sai da aka yi ta jayayya. Baƙuwa ta yi cefanenta tun Asabar. Wajen abinci kuwa, kifi ba a magana, ga kunun hatsinsu na safe mai riƙe ciki. Amma a kula da wani baƙin abu da a ke yankawa fale-fale a soya da karin kumallo, wanda garin ya yi suna da shi. Da jini a ke yinsa. Ki gaya wa uwargida tun da dare abin da ba kya ci, ba za ta ji haushi ba.

A Stornoway akwai masallaci, ɗan ƙarami, wanda aka buɗe a 2018 bayan an kawo waɗansu iyalai 'yan gudun hijira daga Siriya. Tun kafin su akwai 'yan kasuwa Musulmi daga Pakistan da suka daɗe a tsibirin, har waɗansunsu suka iya Galik. Lokacin salla kuwa sai an duba takarda, don a tsakiyar Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, kafin ƙarfe huɗu da rabi kuma ta fito. Mun sha yin hira a waje muna zaton la'asar ce, ashe yara sun daɗe da barci.

Har yanzu tsibiran na asarar mutane. A 1911 sun fi 46,000, a 2022 kuwa wajen 26,000 ne, samari da 'yan mata na tafiya karatu ba sa dawowa, gidajen da za su zauna kuma baƙi masu kuɗi na saye don hutu. Amma wani abu ya juya. Mutanen ɗan tsibirin Eigg, wanda a ke hangowa daga jirgin Mallaig, sun gaji da masu ƙasa, suka yi gidauniya suka saye tsibirinsu a 1997 a kan fam miliyan ɗaya da rabi, a 2008 kuma suka kafa lantarkinsu na iska da ruwa da rana. Mutanen arewacin Harris suka saye tasu ƙasar a 2003. Yau yawancin mazaunan waɗannan tsibirai na yamma a kan ƙasar jama'arsu su ke zaune, kwamitin da suka zaɓa ne ke yanke inda za a gina gida.

Komowa ba sai an bi sawu ba. Daga Stornoway jirgin fito na kai mutum Ullapool cikin awa biyu da rabi, daga nan mota zuwa Inverness, inda jirgin ƙasa mai gadaje ke tashi da dare ya wayi gari a Landan, ban da daren Asabar. A lokacin bazara jiragen fito na cika, sai a sayi tikiti tun da wuri, a kuma bar kwana guda rara, don in iska ta tashi jirgi ba ya motsawa ko wane ne ke jira. Wadda za ta sayo yadin tsaraba ta juya bayansa ta nemi hatimin ƙwallon nan kafin ta biya.